Kukan da Ya Makara

Ba tatsuniya zan yi muku ba, don haka ba sai kun amsa mini ba. Ku dai gyara zama. Abin da zan faɗa a kaina ya faru, kuma cikin waɗanda sunka gani wasu suna raye.

Ni ban yi karatu ba, in ban da ɗan abin da nake sallah da shi. Amma na daɗe a duniya, mai daɗewa kuwa ko bai tambaya ba sai ya ga abubuwa. Cikin duk abin da na gani babu wanda ya ɗaure mini kai kamar abin nan da ke tasowa a cikin mutum, murna ko tsoro, fushi ko baƙin ciki. Daga ina suke tahowa? Wa ke buɗe musu ƙofa? Ina yarinya na ga wata mata ta rasa mijinta ido a bushe. Bayan damina ta zagayo tulunta ya fashe a bakin rijiya, ta zauna cikin caɓi tana kuka kamar ranta zai fita. Mutane sunka ce, a kan tulu? Ni ma haka na ce.

An haife ni a wani ƙauye kusa da Lambara, ƙasar Shagari, anka kai ni aure gefen Dingyadi, gidan manoman gero da albasa. Da cikina na fari ya tsufa na koma gida goyon ciki, can na haifi ɗa namiji. Tun ban gama shan kunun kanwa na farko ba gwaggona, ƙanwar babana, ta zauna a bakin gado ta karanta mini karatun da kowace mace ta zamaninmu ta sani.

Ta ce, "Wanga ɗa na dangi na. Ɗan fari ba a kiran sunanai, ba a kallonai gaban mutane. In ya yi kuka ki jira a miƙo miki shi, ki karɓa kamar an tilasta ki. In ya faɗi ba ke ka ɗaga shi ba. Macen da ke rawar jiki kan ɗan fari ba ita ake zagi ba, gidansu ake zagi."

Na ce, "To, Gwaggo."

Ta dube ni ta ga fuskata, sai ta sassauta murya. Ta ce, "Ba zubarwa za ki yi ba, ajiya za ki yi. Abin da kinka hana ɗa, jika kike tara wa."

Na riƙe wannan magana kamar yadda ake riƙe irin shuka.

Bayan na koma ɗakina anka yi wani suna a maƙwabta, mata sun cika tsakar gida. Yaron yana can hannun uwar mijina, ni ina nan gefe ina tsince shinkafa. Sai ya fara kuka. Yana da wata irin ɗabi'a: ya buɗe baki ya yi shiru, ya ja numfashi har ki zaci ya shiɗe, sannan kukan ya fashe. Na juya fuskata wajen danga, na ci gaba da tsinta kamar ɗan wani ne. Sai na ji wani abu ya tsirga mini a ƙirji, kamar an ja zare daga hammata zuwa kan nono. Kafin in kare da hannu ruwan nono ya ɓalle, ya jiƙa mini zane har cinya.

Wata tsohuwa mai goro a baki ta nuna ni da haɓa. Ta ce, "Ku dubi wagga. Fuska ta ce ba ta san shi ba, ƙirji ya ce ƙarya take."

Gida ya ɗauki dariya, ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Amma ran nan na fara sanin cewa abin da ke cikin mutum ba ya neman izininsa. Jiki kan riga baki ji, kuma ba shi da kara.

Da lokacin yaye ya yi anka kai shi wurin innata a Lambara, ya zauna can har ya isa riƙe fartanya. Ya dawo yana kirana Adda, yadda ya ji ƙannena suna kirana. Ni kuma in zan yi maganarsa sai in ce wa ƙannensa "yayanku", in kuwa ya zama dole in kira shi sai in ce "kai wanga". Haka munka zauna gida ɗaya, kowa na kewaya kowa kamar masu raba gona.

Amma muna da hanyarmu. Yana son ƙanzon tuwo. In na kwashe tuwo sai in bar ƙanzon cikin tukunya, in rufe da faifai, in ce wa iska, "Tukunyar can tana son wanki." Ba wanda zai taɓa ta. Can sai in ji ƙarar kankara a bayan madafa, ni kuma in sami abin yi a ɗaki har ya gama. Da ya girma ya fara kai albasa kasuwar Bodinga, in ya dawo sai in tarar da goro da sabulu a kan turmina, in ji yana ce wa ƙanwarsa, "A duba ko akwai mai so." Cikin maza masu dawowa daga masallaci na san tarinsa. Na san takunsa, yana ɗan jan diddigen hagu. Ban taɓa ɗaga kai ba in ya shigo, amma sai ya shigo abinci ke sauka a cikina.

Kada ku ce an zalunce ni. Haka anka yi wa innata, haka anka yi wa tata innar, kuma a cikin wannan kunya akwai wani daɗi da 'yan yanzu ba su sani ba. Ga kuma ajiyata tana ƙaruwa, ina jiran ranar da za a ɗora mini ɗansa a cinya in zazzage masa ita duka, in kira shi mijina, in tsokane shi, in sumbace shi gaban kowa ba mai cewa uffan.

Ya auri ɗiyar wani tela daga cikin garin Bodinga. Yarinya ce mai kirki, ta ɗan taɓa makaranta, kuma irin mutanen nan ce da zuciyarsu ke kan harshensu. In ta ji daɗi har maƙwabta sai sun sani. In ya yi dare a kasuwa sai ta tsaya bakin zaure ta ce hankalinta ya tashi, haka ɓaro-ɓaro gaban kowa. Nakan yi mamakinta, wani lokaci har in ji kamar ina sha'awar bakin nan nata. Sai dai haihuwa ta yi musu nawa. Ciki ya shiga ya zube, ya sake shiga ya zube. Ƙannensa sunka hayayyafa, na yi wasa da 'ya'yansu, na goya, na yaye, amma ajiyar nan ban taɓa ta ba. Ta mai ita ce.

Shekarar da cikin ya zauna, a shekarar ce anka cire albasa anka jera a rudu, wato rumfar da ake ajiyarta ta sha iska, sai zazzaɓi ya kama shi. Idonsa ya yi ɗorawa. Ƙannensa sunka ce a tafi asibiti birni. Da ƙafarsa ya shiga mota, a kwance anka dawo da shi.

Na yi salati, na ce daga Allah muke gare shi za mu koma. Sannan na zauna ina jiran kuka.

Kun san yadda ake zura guga a rijiya a ji ta bugi ƙasa? Haka na zura cikin kaina na ji ƙwas. Mata suna shigowa, "Ya haƙuri?" ina cewa, "Da godiya." Na tashi na duba tukwanen baƙi, na nuna inda tabarmi suke. Anka yi ta yabona, wai ga mace mai tawakkali, wai ga kunya irin ta mutanen da. Ni kuwa na san ba tawakkali ba ne. Mai tawakkali kaya gare shi a ka, ya sauke gaban Ubangiji. Ni ban ji kayan ba. Na ci tuwo na ji ɗanɗanon tuwo, na kwanta barci ya ɗauke ni. Wannan ne ya ba ni tsoro. Na riƙa tambayar kaina, shin wanda ya daɗe yana kwaikwayon gurgu, ƙafarsa kan manta tafiya?

Matarsa kuwa ta yi kuka har muryarta ta dishe. Ta shiga takaba a gidanmu da tsohon ciki, ba fita sai ta sauka. Albasarsa da ke rudu ta fara lalacewa don ba mai juya ta, sai ƙannensa sunka riƙa tsinto wadda ta fara taushi suna kawo mana cikin gida, mu yanke inda ya ɓaci mu yayyanka sauran mu shanya. Wata rana da hantsi muna zaune ni da ita muna yanka, yajin albasar ya shiga idona, ruwa ya gangaro mini a kumatu. Ta ajiye wuƙa ta dube ni.

Ta ce, "Ashe idonki na ruwa, Inna."

Na ɗauko wata albasa.

Ta ce, "Albasarsa ta samu abin da shi bai samu ba."

Na goge ido da gefen zane na ci gaba da yanka.

Bayan kwanaki mahaifiyarta ta zo duba ta. Ina shanya a bayan ɗakinsu, zana ce kawai tsakaninmu, na ji yarinyar tana cewa, "Mama, in na sauka ku zo ku ɗauke ni. Kuma abin da na haifa ba zai taka gidan nan ba. Ba ni kai ɗansa inda ba a yi masa kuka ba."

Uwar ta ce, "Ke rufa mana asiri. Ɗan fari na, haka ake yi."

Ta ce, "Kunya mai rai ake ji wa. Wanda ke cikin ƙasa fa, wa ake ɓoye wa?"

Nan gabana ya faɗi. Kun ga abin mamaki, tsoro ya sami ƙofa ya shigo nan take, baƙin ciki kuwa har yanzu yana waje. Na sani in ta tafi da abin da ke cikin nan, ajiyar da na yi tun ina da ƙuruciya har na yi furfura ba ta da inda za a sauke ta.

Ta haihu a hannuna, namiji. Ranar suna maza sunka raɗa masa sunan ubansa, kamar yadda ake yi wa wanda ya zo bayan uba ya tafi. Sunan ya shigo cikin gida daga bakin zaure, mata sunka karɓa suna maimaitawa, wasu na guɗa wasu na share hawaye. Tsofaffi sunka fara neman laƙabin da za a riƙa kiransa da shi, don kada sunan ya yi wa irina nauyi. Sai maijego ta taso da kanta, ta ratsa mata, ta ɗora mini shi a cinya.

Ta ce, "Inna, ga shi. Kira shi."

Mata duk sunka juyo gare mu. Uwarta ta ce, "Ke, mi ke damunki?" Ba ta ko waiwaya ba, ni take kallo, idonta jawur. Ba rashin kunya ba ne, na gane. Roƙo take yi.

Na buɗe baki. Sunan ya taso har maƙogwaro ya tsaya, kamar busasshen tuwo ba miya. Na dubi fuskokin matan da munka tsufa tare, na ji muryar gwaggona a kunne. Abin da ya fito shi ne, "Allah shi raya."

Ta sunkuya ta ɗauke ɗanta. Washegari mota ta zo daga Bodinga. Ta kwashe har kwanukanta da tabarmar sallah, kowa ya san wannan ba tafiyar wankan jego ba ce kawai.

Ƙannen marigayi sunka hasala. Sunka ce ɗa nasu ne, a bari a yaye shi, ko gaban alƙali ne za su karɓo shi. Na ce musu kowa ya zauna. Jikan da alƙali ya miƙo ba ya zama a cinya.

Wata ranar kasuwar Bodinga na ƙulla gero da kanwa da daddawa na hau mota ni kaɗai. Ban san abin da zan ce ba in na isa, ƙafa ce kawai ta kai ni. Na tarar uban yarinyar yana kasuwa wurin keken ɗinkinsa, maijego ta shiga wanka a bayan gida. Uwar ta karɓe ni da mutunci, ta ce, "Maraba da manyan baƙi. Ke da kanki, da wagga rana?" Ta shimfiɗa mini tabarma a ɗakin da jaririn ke barci, ta ajiye ruwa, ta ce in ba ta ɗan lokaci ta kai wa ɗiyarta sauran ruwan zafi.

Ina zaune sai yaron ya motsa. Ya buɗe baki ya yi shiru. Ya ja numfashi, ya ja, har na zaci ya shiɗe. Sannan kukan ya fashe.

Na juya fuskata wajen bango. Wallahi haka na yi, ina jira a zo a miƙo mini shi, kamar yadda anka koya mini. Ba wanda ya zo. Sai na ji zaren nan. Ƙirjin da ya bushe tuntuni kamar salkar ruwa da anka rataye, sai ga shi an ja zare daga hammata zuwa kan nono, daidai inda anka ja shi ran nan a gidan suna. Babu ruwan da ya fito, ina za a same shi. Amma abin ya tsirga har na dafe wurin da hannu.

Ban san lokacin da na ɗauke shi ba. Na rungume shi ina jijjigawa, sai na ji wata murya tana kiran sunan, ashe tawa ce. Na kira, na sake kira. Na kira na ranar da ya faɗo daga kan jaki na tsaya riƙe da taɓarya ina kallon wani wuri. Na kira na ranar kaciyarsa da na laɓe bayan rumbu na toshe kunne. Na kira na ranar da ya shiga mota, ya waiwayo ya ce wa ƙanwarsa a gaya wa Adda sai ya dawo. Kukan kuwa ba daga ido ya fara ba. Daga ƙasan cibiya ya taso, ya murɗa mini ciki kamar naƙuda, ya fito da wata ƙara irin ta saniyar da anka raba da ɗan maraƙinta. Ban iya tsayar da shi ba, ban kuma nemi tsayarwa ba.

Da na ɗaga kai sai ga maijego a bakin ƙofa da ɗaurin ƙirji, tururi na tashi daga jikinta, ganyen wanka manne a kafaɗarta. Uwarta na bayanta tana cewa, "Subhanallahi, lahiya?"

Ta ce, "Bar ta, Mama."

Ta shigo ta zauna kusa da ni, ta jingina kanta a kafaɗata, munka yi ta yi tare. Shi kuwa mai gayya, da ya ga an fi shi iyawa, sai ya yi shiru yana kallonmu.

Da munka lafa ta karɓe shi za ta ba shi nono, na ga gaban zanenta ya riga ya jiƙe tun kafin ta ɗauke shi. Na nuna mata wurin. Na ba ta labarin gidan suna da tsohuwa mai goro, da abin da gwaggona ta ce game da ajiya, da tukunyar da ke son wanki.

Ta ce, "Don mi ba ki taɓa gaya mini ba?"

Na ce, "Da wane baki, ɗiyata? Ba a ba ni irin naki ba."

Ta dubi ɗanta yana tsotso. Can ta ce, "Kullum in na kankare masa ƙanzo na zuba a kwano sai ya ce in mayar, wai a cikin tukunya ya fi daɗi. Har faɗa munka taɓa yi a kai."

Wannan maganar ta sake kwance ni, na koma sabon kuka. Uwarta ta ce in na ci gaba da haka sai an dafa mini nawa ruwan jegon.

Tun daga ran nan na yafe wa matar nan mai tulu, ko in ce na nemi ta yafe mini. Fushi wutar kara ce, ta tashi kowa ya gani ta mutu. Baƙin ciki kuwa wani lokaci wutar ƙaiƙayi ce, sama toka, ƙasa na ci, mai ita ma sai ta dafa ta ce ta mutu. Ba ya zuwa don an kira shi, ba ya zuwa don mutane sun taru suna jira. Kowane da ƙofar da ya sani. Na wata ta kunne yake shiga, na wata ta hanci, na wata sai tulu ya fashe. Nawa ƙofarsa a ƙirji take, kuma mabuɗin yana bakin jariri. Shi ya sa yanzu in na je gaisuwar mutuwa na ga mai busasshen ido, ba na yabonta, ba na kuma zarginta. Nakan dai zauna kusa da ita.

Yarinyar ba ta dawo gidanmu da zama ba. Ta yi aure a Bodinga, kuma haka ya dace, ƙuruciya gare ta. Amma da lokacin yaye ya yi ba ta aiko kowa ba. Ita ta goyo shi da kanta, ta shigo da sallama, ta kwance goyon ta ɗora mini a cinya.

Ta ce, "Inna, ga mijinki. Ki yi hankali, ya fara cizo."

Na ce, "Wanga miji ba gona ba jaki, sai haƙora huɗu? An cuce ni."

Sunan nan ban sake kiransa ba tun ranar Bodinga. Maigida nake ce masa, ko angona, in kuma ya ɓata mini rai in ce ya ba ni takardata in tafi gidanmu. Yanzu ya fara bin baffanninsa fadama, yana dawowa da ƙafa duk laka. Shekaranjiya na kwashe tuwo, na rufe tukunya da faifai, bakina ya ce wa iska tukunyar can tana son wanki.

Ya leƙo daga bakin madafa ya ce, "Tsohuwa, ki ce in zo in ci ƙanzo mana."

Na ce, "To, zo ka ci ƙanzo."

Ya zauna a gabana yana kankara, ni kuma ban shiga ɗaki ba. Na zauna ina kallonsa har ya gama.